Na Kori Dillalinmu, Na Sayar Da Ɗakin Gwaggona

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen da zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuwa suna nan da ransu da iyalansu.

Lokacin da abin ya faru, 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya tarwatsa mu, ni malamin firamare ne a unguwarmu ta Hausawa da ke gefen garin Hajj Abdalla. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina da mata da yara biyu. Ni kaɗai ne namiji a wurin iyayena, ni kaɗai kuma na yi karatu mai nisa. Kowa Ustaz yake ce mini, har tsofaffin da suka goya ni. Duk takardar da ta shigo unguwa, ta hukumar noma ce ko ta kotu, ni ake kawo wa in karanta in fassara. Larabcina ya fi Hausata ƙwari, kuma ina alfahari da hakan. A raina na ɗauka babu wanda zai cuce ni da takarda a duniyar nan.

Gidanmu kakanmu ne ya fara gina shi tun wurin yana bayan gari. A hankali kasuwa ta yi ta faɗaɗa har ta zo jikin katangarmu, gidan ya yi daraja ba mu sani ba. Mahaifina ya yi ƙoƙari ya yi masa takardar mallaka ta gwamnati da sunansa kafin ya rasu. A kusurwar gabas, wajen da ke kallon babbar hanya, akwai ɗaki guda da 'yar rumfa a gabansa. Nan Gwaggo take, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, sai ta dawo wurin ƙanenta ya gina mata ɗakin. Sama da shekara talatin ta yi a ciki tana soya gyaɗa da ƙuliƙuli tana sayarwa a bakin hanya, har idanunta suka mutu. Ita ta yaye ni, a bayanta na yi wayo. Bayan ta daina gani ba ta taɓa neman a ja mata hannu a cikin gidan ba. Ta san taku nawa ne daga gadonta zuwa randa, daga randa zuwa banɗaki, ta san inda saiwar dalbejiya ta taso a tsakar gida. A shari'a ba ta da gado a gidan, tunda takarda da sunan Baba take kuma ya bar ɗa namiji. Shi ya sa yana kwance a ciwon ajalinsa ya tara mu, ni da Inna da ƙannena mata biyu, ya ce yayarsa ba ta da kowa sai shi, kada a raba ta da ɗakinta har ranar da za a ɗauke ta zuwa makabarta. Duka muka amsa masa.

Shekara biyu da rasuwarsa Inna ta kamu da ciwon ƙoda. Likitoci suka ce sai ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako a asibitin birnin Madani. Mun yi wata da watanni muna zirga-zirga a motar haya, mu tafi da ita a zaune mu dawo da ita a kwance. Muka sayar da awaki, muka ba da hawashar Baba, wato gonarsa ta ban ruwa, ga wani ya noma a raba. Daga ƙarshe muka ga ba makawa sai an sayar da gidan an koma kusa da asibiti. Ba zan ɓoye ba, ni ma na daɗe ina son barin unguwar in koma birni, ciwon Inna ya zo ya ba ni hujjar da ba wanda zai musa. Ƙannena, ɗaya tana aure a Rufa'a ɗaya a wani ƙauye kusa da Sinnar, suka zo muka je gaban alƙali, su da Inna suka ba ni takardar wakilci in sayar da yawunsu. Sharaɗi ɗaya suka kafa mini, maganar Gwaggo.

Akwai wani tsohon dillali a unguwarmu, abokin Baba tun suna samari suna tsintar auduga tare. Shanu, jakuna, gonaki, gidaje, duk ta hannunsa suke bi. Karatunsa na allo ne kawai. Kawu nake ce masa. Da Inna ta aika masa, ya zo da sanyin safiya ya zagaya gidan a ƙafa, yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya leƙa rufin kowane ɗaki, ya nemi in karanta masa takardar mallaka daga farko har ƙarshe. Sannan ya shiga rumfar Gwaggo suka daɗe suna hirar mutanen da suka mutu. Da ya fito ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na ɗauka surutun tsofaffi ne. Ya ce cinikin gida ba kamar na akuya ba ne da za a gama a tsaye, mutane da yawa ne suke shiga ciki, kuma kowa da wanda yake yi wa aiki. Shi namu ne, aikinsa ya sa wa gidan kuɗin da ya dace, ya nemo masu saye, ya rufa mana asiri, ya tsaya har a rubuta abin da muke so. Mai saye ma zai zo da nasa dillalin, wanda aikinsa ya karya farashi ya samo wa maigidansa abin da yake so. Bayan su akwai mai bin takardu a ofishin filaye, akwai kuma lauyan da zai rubuta yarjejeniya.

"Ɗana," ya ce, "duk wanda ya zo maka da fara'a a cikin cinikin nan, ka fara sanin daga hannun wa zai karɓi la'adarsa. Kuma kada ka zauna da mutumin mai saye ba na wurin."

Game da Gwaggo ya ce hanya biyu ce. Ko a kawo masu awon ƙasa su yanke kusurwarta a fitar da ita daga cinikin, wanda zai ci watanni a ofis, ko kuma a rubuta ɓaro-ɓaro a cikin yarjejeniya cewa tsohuwar za ta zauna a ɗakinta muddin ranta. Ko wacce aka bi kuɗin gidan zai ragu, kuma masu saye za su yi ƙaranci. Haka kuwa aka yi. Cikin wata biyu ya kawo mutum biyu, kowanne ya yaba gidan, da ya ji sharaɗin sai ya ce zai yi shawara, ba a sake ganinsa ba. Inna kuwa kullum ƙara ramewa take, ƙafafunta na kumbura. Na fara jin haushin Kawu, ina ganin tafiyarsa ta tsufa ce yake yi da rayuwar mahaifiyata.

Ana cikin haka wani samsari ya zo daga Sinnar. Haka muke kiran dillalan birni, masu mota da waya. Sa'ana ne, ubansa Bahaushe, amma Hausar tasa sai ya haɗa da Larabci. Farar jallabiya, turare, wayoyi biyu a hannu. Ya ce wani attajiri mai fataucin dawa da albasa ne ya turo shi, yana neman wurin da zai gina sito kusa da kasuwa. Ranar farko ta hannun Kawu ya biyo, kamar yadda aka saba. Na zauna a gefe, Kawu ya faɗi farashi ya faɗi sharaɗi. Samsarin ya saurara yana gyaɗa kai, da zai tafi ya karɓi lambar wayata, wai don gaisuwa.

Bayan kwana uku ya kira ni, ya ce ya shigo gari, in zo mu sha shayi. Na san abin da Kawu ya faɗa mini, amma na tafi. Muka zauna wurin wata mai shayi a bakin tasha, ya sa aka kawo mana gahawa da citta. Bai fara da maganar gida ba. Jikin Inna ya tambaya, ya ce shi ma ciwon ƙoda ne ya kashe mahaifiyarsa, ya san abin da nake ciki. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Na daɗe ban sami wanda ya tambaye ni yadda nake ji ba, sai bakina ya buɗe. Na gaya masa abin da likita ya ce, na gaya masa ba abin da ya rage mana na sayarwa, na gaya masa takardar wakilcin 'yan uwana tana hannuna, ni kaɗai zan iya sa hannu. Har mafi ƙarancin abin da za mu iya karɓa na faɗa masa. Duk abin da Kawu ya yi wata biyu yana ɓoyewa, na zazzage shi kafin gahawar ta huce.

Sai ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce yana mamakin mai ilimi kamar ni ya bar tsohon da bai iya karanta sunansa ba yana juya shi. Ya ce tsohon yana jan lokaci ne don farashi ya hau la'adarsa ta yi kauri, kuma in muka yi cinikin kai tsaye wannan la'adar ta zama kuɗin maganin Inna. Da na kawo maganar Gwaggo ya yi murmushi, ya ce attajirin mutum ne mai tsoron Allah da ya gina masallaci a garinsu, gaban gidan kawai yake buƙata, tsohuwa makauniya a lungu ba za ta tare masa komai ba. Rubutawa ce kawai matsala, don abokan kasuwancinsa ba za su yarda a sayi wuri da sharaɗi a takarda ba. Ya dafa ƙirjinsa ya ce maganar tana wuyansa, shi ya ɗauka. Bayan mako guda ya dawo, ya ce kasuwar dawa ta faɗi, attajirin ba zai iya wuce kaza ba. Abin da ya faɗa daidai yake da mafi ƙarancin da na ambata masa a wurin mai shayi. Ko wannan bai farkar da ni ba. Abin da na ji kawai shi ne za a biya nan take. Na ce na sallama.

Bayan sallar la'asar na tari Kawu a ƙofar masallaci na gaya masa mun gode, na sami mai saye da kaina. Bai nuna fushi ba. Ya tambaye ni ko na ga attajirin ido da ido, na ce a'a. Ya tambaya ko za a rubuta maganar yayar abokinsa, na ce an yi mini alkawari. Sai ya ce ya yafe la'adarsa duka, ba ya son ko sisi, in dai bar shi ya zauna a wurin ranar sa hannu. Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba, ai na iya karatu.

"Na san ka iya karatu, Ustaz," ya ce. "Ba karatunka nake tsoro ba, gaggawarka nake tsoro."

Ban gaya masa ranar ba. Samsarin ya haɗa ni da mai bin takardu, wani siririn mutum da jaka a hammata wanda ya san kowace ƙofa a ofishin filaye. Abin da na zaci zai ci wata ya gama shi cikin kwanaki, na ƙara ganin lallai na yi dabara. Ranar sa hannu ta faɗo ranar wankin ƙodar Inna. Da safen nan ta suma a cikin mota kafin mu isa Madani, sai da aka tsaya aka yayyafa mata ruwa. Na bar ta a asibiti da matata na wuce ofishin lauya, a saman wani bene. Attajirin bai zo ba, samsarin ne ke riƙe da takardar wakilcinsa. Lauyan ya karanto yarjejeniyar da sauri, sannan ya miƙo mini. Na karanta ta da kaina, layi bayan layi. A shafi na biyu na ga inda aka rubuta cewa mai sayarwa zai miƙa gidan cikin wata uku, babu kowa a ciki, kuma babu haƙƙin kowa a kansa.

Na ɗora yatsana a kan layin na tambaya. Lauyan ya ce haka ake rubutawa a kowace yarjejeniya, amma in ɓangarorin biyu suna da abin da suke so a ƙara, su faɗa ya rubuta yanzu, aikinsa ke nan. Ya ɗauki alƙalami yana jirana. Samsarin ya duba agogo, ya ce in za a ƙara ko kalma ɗaya sai ya koma Sinnar ya nemi izini, attajirin kuma gobe zai yi tafiya, ga wani gida da ake nuna masa a wajen tasha. Ya ce ai mun gama wannan maganar tsakaninmu, ko ban yarda da shi ba ne? Ina jin fanka tana juyawa a sama, ina ganin fuskar Inna lokacin da ake yayyafa mata ruwa. Na janye yatsana na sa hannu.

Da na koma gida na gaya wa Inna an rubuta. Na kira ƙannena na gaya musu an rubuta. Na shiga rumfar Gwaggo na durƙusa na ce mata ɗakinta nata ne har abada, yana cikin takarda da hatimin lauya. Ta laluba ta kama kaina da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka, ta ce ƙanenta ya haifi ɗa.

Muka sayi ɗan ƙaramin gida a bayan garin Madani muka tare, na samu aka mayar da aikina can. Gwaggo ta ce ita ba inda za ta. Wata maƙwabciyarmu ta ɗauki nauyin kai mata abinci, ni kuma duk Juma'a ina zuwa da cefane. Wata uku suka wuce lafiya, har na fara gaya wa kaina samsarin mutumin kirki ne. Ranar wata Talata ina cikin aji waya ta shigo, baƙuwar lamba. Attajirin ne da kansa. Ya ce yana tsaye a gidan da ya saya da magina, ya tarar da wata tsohuwa tana cewa ɗanta yana da takardar da ta ba ta ɗakin nan.

Na isa da azahar. Dattijo ne mai furfura, bai ɗaga mini murya ba. Ya ja ni gefe ya ce shi ba wanda ya taɓa gaya masa akwai sharaɗi. Abin da samsarinsa ya faɗa masa shi ne akwai wata tsohuwa da za ta bi 'yan uwanta da zarar sun kintsa. Ya nuna mini kusurwar Gwaggo da hannu, ya ce saboda ita ya sayi gidan, don ita ce ke kallon babbar hanya, nan manyan motoci za su riƙa shiga. Da an gaya masa tun farko, da bai saya ba. Ya zaro yarjejeniyar ya buɗe shafi na biyu, ya tambaye ni ko wannan ba sa hannuna ba ne. Sannan ya ce saboda tsufanta ya ba mu wata ɗaya.

A watan nan babu inda ban taka ba. Na je Sinnar na yi kwana biyu ina neman samsarin, da ƙyar na same shi a wani wurin sayar da motoci. Bai ɓuya ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce shi tun ranar farko ya faɗa a gaban kowa attajirin ne ya turo shi. Aikinsa ya samo gida da araha kuma babu kowa a ciki, ya kuwa yi aikinsa. Da na tuna masa ƙirjin da ya dafa, ya ce ya so ya yi wa attajirin maganar daga baya, abin ne bai yiwu ba.

"Ya Ustaz, kana da naka mutumin," ya ce. "Ni na kore shi?"

Mai bin takardu ya ce shi takarda yake ɗauka daga tebur zuwa tebur, bai san da wata tsohuwa ba. Lauyan ya tuna da ni sarai. Ya ce ya ba ni dama in ƙara abin da nake so na yi shiru, kuma maganar baka da ba shaida ba za ta rushe abin da na sa wa hannu ba. Na koma wurin attajirin na roƙe shi ya sayar mini da kusurwar, alhali na san kuɗin sun riga sun shige gidan Madani da asibiti. Ya ce ko da ina da su ba zai iya ba. Duk wannan abin da ake ciki ban gaya wa Inna da ƙannena komai ba. Gwaggo kuwa na ce mata kuskure ne aka yi a ofis, ana gyarawa. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan Kawu ina juyawa.

Ranar da wa'adin ya cika na tashi da niyyar kama motar farko. Na je tasha, na zauna a kan benci, mota ta cika ta tashi ina kallo. Ta biyu ma haka. Na kasa tunanin da wane baki zan ce mata ta tashi. Sai bayan azahar na shiga mota. Kafin in isa an gama komai. Maƙwabciyarmu ta ce tun da hantsi magina suka zo suka tsaya, ba wanda ya iya shiga ya yi mata magana, sai ita ta ruga ta kira Kawu. Ya zo da amalanken jaki, ya ji bayani daga bakin magina, ya shiga ya zauna da Gwaggo ya gaya mata gaskiyar abin da ke cikin takarda. Shi da kansa ya kwance gadonta, ya fito da akwatinta da randarta da kaskon suyarta, ya kama hannunta ya kai ta gidansa.

Na same ta a ɗakin matar Kawu, zaune a bakin tabarma da carbinta, ba ta kuka. Da ta ji muryata ta juyo da fuskarta wajena.

"Ɗan nan, ka ce mini an rubuta."

Na ce mata lauyan ne ya cuce ni, ya karanto abu ɗaya ya rubuta wani, ban ga layin ba. Ta ce to, Allah yana gani. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, don ya san ba zan sa hannu ban karanta ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙaryar da na yi wa Gwaggo ita na maimaita wa Inna da ƙannena, suka yarda, don ba su taɓa zaton Ustaz zai ga abu a takarda ya sa hannu ba.

Na tafi da ita Madani. Gidan ƙarami ne, ƙasan siminti, da matakala biyu tsakanin ɗaki da tsakar gida. Matar da ta yi shekaru ba ta nemi a ja mata hannu ba ta koma sai an kai ta ko'ina. Ba ta son damun matata, don haka takan yi ƙoƙarin lalubawa da kanta. A wata na biyu ta tashi za ta banɗaki da rana, muna asibiti da Inna, matata tana wanki a baya, ta rasa matakalar ta faɗi ƙugunta ya karye. Daga nan ba ta sake tashi ba. Abinci sai an matsa mata take karɓar loma biyu. Lokaci-lokaci takan tambaye ni ko an gama gyaran takardar, in ce saura kaɗan. Ba ta cika wata biyar a gidan ba ta rasu. Ta bar wasiyya a binne ta kusa da ƙanenta, muka ɗauko ta zuwa Hajj Abdalla. Hanyar makabarta ta gaban tsohon gidanmu ta bi. Inda ɗakinta yake an kafa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, wata babbar mota ta shiga da baya ana sauke buhuna.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi. Har ta rasu, in aka ambaci Gwaggo sai ta kai ƙarar lauyan nan wurin Allah, ina zaune ina ji, alhali shi kaɗai ne a ofishin nan ya ba ni damar gyara abin. Na je wurin Kawu sau ɗaya bayan rasuwar Gwaggo na nemi gafararsa. Ya ce shi ban yi masa komai ba, la'ada ce kawai ya rasa, waɗanda zan nema wurinsu ɗaya tana ƙasa, sauran kuma ba su san akwai abin da za su yafe ba. Ya rasu a lokacin gudun hijira, ban sami halartar jana'izarsa ba.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne abin da nake gani tun da mutane suka fara komowa garuruwansu. Kowa a matse yake, gidaje da filaye ana ta sayarwa da gaggawa, samsarai sun cika kasuwa da tasha. Ba na cewa dukansu macuta ne. Na daɗe ina tunanin mutanen nan huɗu, Kawu da samsarin da mai bin takardu da lauya, na ga kowannensu aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ni ne na kasa bambance nawa da na wani. Na kori wanda ke tsaye domina saboda ba ya sa turare kuma yana gaya mini abin da ba na son ji, na kwashe sirrina na ba wanda aka biya don ya karya ni. 'Yan uwa, in za ku sayar da gida ku nemi dillalinku na kanku, wanda ya san ku kuma zai ci gaba da haɗuwa da ku a masallaci bayan an gama ciniki, ku biya shi haƙƙinsa da daɗin rai. Mutumin mai saye ku gaisa da shi da mutunci, amma kada ya san abin da ya matsa muku. Ku nace sai kun ga mai sayen da idonku. In akwai wani mai rauni da ke fake a gidan, tsohuwa ko maraya ko mara lafiya, kada ku karɓi rantsuwar kowa a madadin rubutu. In an ce muku rubutawa za ta ɓata ciniki, ku sani wannan cinikin dama a kan fitar da shi aka gina shi.

Kuma kada ku yarda gaggawa ta zama muku hujja. Na shekara da shekaru ina gaya wa kaina saboda Inna na yi, amma na san da na ce a dakata a rubuta, da mako guda ko biyu kawai za mu ƙara a motar haya. Na ga layin nan. Na ɗora yatsana a kansa, na fahimci abin da yake nufi, na sa hannu. Ƙannena biyu har yau ba su sani ba. Na yi wa kaina alkawari ba za su fara jin wannan a shafin mujalla ba, da bakina zan gaya musu, ko da daga ranar ba za su sake kirana yaya ba. Wanda ya karanta ya yi wa Gwaggo addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.